Marlene Dietrich da mutanen garinsu

Jiya barci ya ƙaurace min, sai na ci karo da tsohon bidiyon Marlene Dietrich, 'yar wasan Jamus haifaffiyar Berlin a 1901. Kwat irin na maza, doguwar hula, murya can ƙasa-ƙasa. Na kasa kashe wayar.

Ashe bayan ta tafi Hollywood a 1930, 'yan Nazi, wato mutanen Hitler, sun yi ta lallashinta ta dawo, ta ce atafau. Ta zama 'yar Amurka, ta bi sojojin ƙawance har bakin daga a Yaƙin Duniya na Biyu tana rera musu waƙa. Da ta je Jamus a 1960, wasu suka yi mata ihu, wai maciya amana ce. Wace amanar, ta Hitler?

Sai 2002 Berlin ta karrama ta da matsayin 'yar birni ta girmamawa, alhali ta rasu tun 1992.