Giyabos ɗin Allison, na akori-kura da na babbar mota

Duk mai sayen babbar akori-kura a nan Amurka, da ya ji an ce Allison, wato kamfanin ƙera giyabos na atomatik, sai hankalinsa ya kwanta. Ni ma ina ganin girman sunan. A 2001 Chevrolet ya fara haɗa injin dizal na Duramax da giyabos ɗin Allison 1000, mai giya 5 da farko, daga 2006 ya koma 6. Amma mai giya 10 da ya fito a 2020, GM, kamfanin da ke da Chevrolet, ne ya ƙera abinsa, sunan Allison kawai aka liƙa masa. Masu saye da yawa ba su san haka ba.

Ford na da nasa giyabos, TorqShift, Ram kuma ya daɗe da 68RFE, sai Aisin ga mai jan kaya da gaske, kafin ya daina sa su a motocin 2025. Ni Aisin nake zaɓa, ko da yake canjin giyarsa akwai ɗan fizga.

Sai dai duk wannan wasa ne idan ka hau babbar mota Freightliner M2 mai Allison 3000. Shi wannan giyabos ba ruwansa da jin daɗin direba. An gina shi ne don tsaya-tashi daga asuba har dare, kamar motar kwashe shara ko tifa, ga wurin haɗa PTO, wato na'urar da ke ɗaukar ƙarfin injin ta tuƙa famfon ɗaga bodi. Zafi ne ke kashe atomatik, shi kuwa wannan man da yake ɗauka ya fi yawa, mai sanyaya shi ma ya fi girma. Akori-kura za ta ja tirelar shanu ranar Asabar lafiya lau, amma ka ba ta aikin tifa kullum, ka tanadi kuɗin bakanike.