Inuwar bedi ce ta sa na zaɓi lakwal ɗin ɗiyata

Rantire ta bana, wato komawa lakwal, ta iske ni ina yawon nema ma autata jardan, wato ajin ƙananan yara, shekararta 4, kuma wallahi na ga abubuwa. Lakwal masu zaman kansu sun cika garin nan na Maradi, daga unguwar Ali Dan Sofo har Zariya, amma da yawansu gidan haya ne kawai aka shafa ma fenti aka zana giwa da zomo a katanga.

Ta farko da na shiga, dirakte sai nuna mini fankoki yake da kwamfuta da ƴan kujeru masu launi. Na ce Mushe, to ina yara ke wasa in an fito shan iska? Ya ce ga wuri nan Hajiya. Tsakar gida ce an malale ta da siminti, da ƙyar ta kai ɗaki biyu, ga lilon ƙarfe guda a tsakiyar rana. Wajen ƙarfe 11 ne, na ɗora hannu kan lilon ba shiri na janye. Oktoba ke nan fa, ina ga Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40? Yaro ɗan shekara 4 ba ya iya zama wuri guda tun safe har azahar, dole ya yi gudu ya faɗi ya tashi, kuma faɗuwa kan siminti da faɗuwa kan rairayi ba ɗaya ba ne.

Wadda na zaɓa daga baya ba ta da wani kyan gini, ƙofarta ma duk tsatsa. Amma kana shiga sanyin inuwa zai tarbe ka, bedi ne manya-manya a jere, ƙasa duk rairayi an share tas, ga randa biyu a gindin icce an rufe da faifai. Na tarar da madam zaune kan tabarma yara sun kewaye ta suna ƙirga da ƙwallon magarya, kowa da ɗan tulinsa a gabansa, in ta ce biyar a ɗebe biyu sai ka ga ƴan yatsu na turawa gefe. Wasu kuma na rubuta haruffan a da o cikin rairayi da yatsa, in ya karkace su shafe da tafin hannu su sake, ba mai kukan ya ɓata kaye, wato littafin rubutu.

Rumfar da suke shiga in rana ta take ta kwano ce, sai da na ɗaga kai na tabbatar. Duk uwar da ke Maradi ba ta manta 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da gobara ta tashi a azuzuwan zana ta ci yara ƙanana fiye da 20. Tun lokacin in na ga zana kusa da yara gabana faɗuwa yake.

Bayan aji akwai wani ɗan gawo da bai daɗe da wuce katanga ba. Baba maigadi ya ce mini ba shuka shi aka yi ba, kututture ya tarar yana toho, ya rage rassan ya bar masu ƙarfi, wato sassabin zamani da manoman jihar nan suka kama tun shekarun 1980. Ya ce ƴata, gawo da rani yake ganye, da damina ya zubar, su kuma yaran nan da damina suna hutu, kin ga kamar don su aka yi shi. Ni ban taɓa lura da haka ba sai ranar.

Ba wai komai daidai ba ne, in hunturu ya shigo ƙura na damunsu, kullum kitson ɗiyata cike da rairayi, kuma na roƙi dirakte a riƙa duba gindin itatuwa saboda kunama. Suna da ɗan lambu kusa da famfo, zogale da yakuwa da tumatir, kowane aji da ranar ban ruwansa, da gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa. Shekaranjiya ta dawo ta damƙe wani abu a hannu ta ƙi buɗewa sai da babanta ya shigo, ashe tumatir ne guda ɗaya, ɗanye shar bai ko fara nuna ba, ta ce a sa mata a miyar dare.