Takardun kamfani ba hotunan waya ba ne

Ɗan ƙanwata ya buɗe ɗan kamfanin rarraba kaya, shi da wani abokinsa da ma'aikata 'yan kaɗan. Da na leƙa ofishinsu sai ya juyo min da fuskar kwamfuta yana ta murna, ya ce, "Kawu, ka ga komai namu yana nan. Ba kabad, ba fayil ɗin kwali." Na duba. Folda ɗaya ce babba a ma'ajiyar intanet, a cikinta akwai "Sabo", da "Sabo 2", da "Na gaggawa", da wata mai suna "Kada a taɓa". Na tambaye shi asusun wa aka zuba su. Ya ce na abokin nasa ne, wanda ya buɗe tun suna makaranta, suka ci gaba da amfani da shi kawai. Na ce to in kun ɓata fa? Ya kwashe da dariya, "Haba Kawu, mu ɓata a kan me?"

Ban iya yi masa faɗa yadda na so ba, domin ni ma haka na yi shekarun baya, kuma amsar da na ba wanda ya ja min kunne ba ta fi tasa hankali ba.

Amma a yi min adalci. Wanda bai yi zamanin yawo da filashi a aljihu ba, ba zai gane abin da muka ji ba lokacin da waɗannan ma'ajiyoyi suka fito. Dropbox ya fara aiki ga jama'a a 2008, Google Drive ya biyo a 2012, Microsoft kuma ya sauya sunan SkyDrive zuwa OneDrive a 2014. Kafin nan, in kana son takarda sai ka roƙi wani ya turo maka ta imel, ko ka jira wanda ya tafi da filashin gida ya dawo. Kwatsam sai ga abu: ka ajiye a ofis, ka buɗe a waya, kuma a ba ka wuri kyauta. Har yanzu Google na ba da gigabait 15, OneDrive 5, Dropbox 2. Wa zai ƙi? Na ɗauki ɗaya daga cikinsu, ba sai na faɗi wanne ba, tunda laifin ba nasa ba ne. Ya yi abin da aka ƙirƙire shi ya yi, wato ya ajiye fayil ya kai shi duk na'urar da ka haɗa. Ni ne na ɗora masa aikin magatakarda, alhali shi ɗakin ajiya ne kawai, mai faɗi, wanda ba ya tambayar kowa me ya shigo da shi, me ya fita da shi.

Abin ya fara warin ƙonewa ne a kan wata yarjejeniya. Mun yi ta kai da kawowa da wani abokin ciniki kan wa'adin biyan kuɗi, kowa na gyara takardar yana sa mata suna yadda ya ga dama. Akwai "yarjejeniya ta ƙarshe", akwai "ta ƙarshe ainihi", akwai "ta ƙarshe wadda oga ya gani", ga kuma wani kwafi da manhajar da kanta ta haifar saboda mutum biyu sun gyara a lokaci guda. Da rigima ta taso bayan watanni, ya kawo tasa mai wa'adi ɗaya, muka zaro tamu mai wani wa'adin daban. Wadda aka sa wa hannu fa? An yi mata hoto da waya, hoton yana cikin wayar wani da ya riga ya sauya waya. Na je in duba tarihin gyare-gyaren fayil ɗin in ga wa ya taɓa wannan sakin layi, na tarar tarihin ya shuɗe. A ranar na san cewa ajiyar tsofaffin kwafi tana da wa'adi. A Google Drive, fayil ɗin da ka ɗora daga waje, irin na Word ko PDF, ana riƙe tsohon kwafinsa kwana 30 ko kwafi 100, sai in ka ce a bar shi. A Dropbox kwana 30 ne ga asusun kyauta, na kamfanoni ya fi haka tsawo. Duk a rubuce suke, ni ne ban karanta ba. Muka yi sulhu, muka ɗauki asarar.

Ina iya cewa ma'aikata ne suka yi sakaci, kuma a lokacin haka na ce, har da ɗaga murya. To wa ya ba su dokar sa suna? Ba kowa. Wa ya ce ga inda takarda mai sa hannu za ta zauna? Ba kowa. Duk da haka har yau ina ganin mutum mai hankali bai kamata ya sa wa fayil suna "ainihi" ba.

Na biyun ya fi ciwo. Wata ma'aikaciyarmu mai riƙon amana ta bar aiki lafiya lau, muka rabu da addu'a. Ashe yawancin rasit da takardun masu kawo mana kaya ita ta ɗora su daga asusunta, mu rabawa kawai ta yi mana. A wasu ma'ajiyoyin intanet, irin tamu, fayil na wanda ya ɗora shi ne, ko da yana zaune a foldar da kowa ke gani. Wurinta ya cika, ta share abin da take ganin ba nata ba ne yanzu. Ba mugunta ta yi ba, shara ta yi a ɗakinta. Kwandon shara ya riƙe su kwana 30, mu kuma ba mu nemi ko ɗaya ba sai da mai binciken kuɗi ya zo ƙarshen shekara. Na ce ai akwai kwafi a kwamfutocin ofis. Babu. Aikin manhajar shi ne abin da ya faru a wuri ɗaya ya faru a ko'ina, to gogewa ma haka take bi. Irin wannan hanyar ce manhajar 'yan kutse mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa take bi: ta lalata na kwamfuta ɗaya, lalatattun su hau intanet su sauka a sauran.

Daga nan sai na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Cikin fushi na sayi manhajar kula da takardu, babba, irin wadda bankuna da asibitoci ke amfani da ita. Kada wanda ya ji na kushe ta, don abin da take yi ba wasa ba ne. Ba ruwanta da folda sosai. Kowace takarda sai an yi mata bayani: wace iri ce, ta wane abokin ciniki, ta wace rana, wa ke da alhakinta, yaushe za ta ƙare. Ka nemi duk yarjejeniyoyin da za su ƙare wata mai zuwa, su fito a jere. In wani ya ɗauki takarda zai gyara, sai ta kulle ta har ya mayar, ba zancen kwafi biyu. Tana rubuta wanda ya buɗe, da wanda ya gyara, da wanda ya amince, da lokacin da ya yi, kuma ma'aikaci ba ya iya goge wannan tarihin. Takardar neman biya tana tashi daga akanta ta je wurin manaja da kanta, in ya yi jinkiri ta tuna masa. Ka yi sikanin tsohuwar takarda ta karanta rubutun ciki, ka neme ta da kalma ɗaya. Kamfanoni irin su DocuWare na Jamus, da M-Files na Finland, da Laserfiche na Amurka, da OpenText na Kanada sun daɗe a wannan sana'a, SharePoint na Microsoft kuma yana nan tun 2001. Akwai ma na kyauta irin su Paperless-ngx da Mayan EDMS ga wanda ke da mai kula masa da kwamfuta.

To me ya hana ta yi mana aiki? Ni. Wanda ya zo tallarta ya nuna min ta a kan takardun da aka riga aka tsara tsaf, ni kuma na kwashe tarkacenmu yadda yake na zuba mata. Sannan, saboda haushin abin da ya wuce, na sa gurabe fiye da goma da dole a cike kafin ta karɓi takarda ɗaya, ko da rasit ɗin sayen biro ne. Ba a daɗe ba ma'aikata suka koma tura wa juna takardu ta WhatsApp, a cike guraben da "sauransu" in an ga zan duba. Muna biyan kuɗin lasisi kan kowane mutum, ainihin aikin kuma yana gudana a bayan fage. Zan iya kare kaina da cewa ba wanda ya gaya min sai an naɗa mutum guda ya zama mai ita, yana tsara ta yana koya wa sabbin shiga. Gaskiya kuwa an faɗa. Na ɗauka salon ƙara kuɗi ne.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na tace su kaɗan suka rage.

Takardar kamfani ta zauna a asusun kamfani. Wannan ba ya buƙatar muhawara. Ba asusun mai kamfani ba, ba na amininsa ba, ba na sakatariya ba. Google ya fito da ma'ajiyar haɗaka ta ma'aikata a 2017, inda fayil yake zama mallakin ƙungiya, ko wa ya tafi yana nan. A ɓangaren Microsoft ɗakin takardu na SharePoint ne ke wannan aikin. Ku biya kuɗin, ku daina neman na banza. Kuma ku daina raba mahaɗar nan ta "duk wanda ya samu zai iya buɗewa". Na ga matashi ya tura takardar albashin ma'aikata gaba ɗaya ta haka, da na yi magana ya ce ai mutum ɗaya ya tura wa. Shi wancan ɗin an ɗaure masa hannu ne?

Sai tambayar da za ta raba muku gardama tsakanin biyun: akwai ranar da wani zai tsare ku ya ce ku tabbatar? Alƙali, ko hukumar haraji, ko mai binciken kuɗi, ko abokin cinikin da ya ce ba haka aka yi ba. In aikinku zane ne, ko hotuna, ko rubutun da ake gyarawa tare a wuce wurin, ma'ajiyar intanet ta ishe ku, kada wani mai talla ya ruɗe ku. In kuwa kuna riƙe da yarjejeniyoyi, da bayanan ma'aikata, da takardun marasa lafiya, da abin da sai mutum biyu ko uku sun amince kafin kuɗi ya fita, kuna buƙatar abin da zai ba da shaida. Kuma riƙewa ba ita kaɗai ce doka ba, wani lokaci zubarwa ce. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, tararta kuma na iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. Folda ba za ta taɓa tuna maka cewa lokacin share wata takarda ya yi ba.

Don haka kada ku sayi manhajar kula da takardu sai kun ji zafi, sai kun iya faɗin takamaiman abin da ke ɓata muku. Ƙaramin kamfani da ya saye ta don burga zai ƙare kamar ni. Amma kuma kada ku jira sai kun ji zafin, domin a lokacin fayilolin sun kai dubbai, ba suna ba tsari, kwashe su kaɗai zai ci muku watanni. Na san maganar nan biyu ba su jitu ba. Haka na same su, ban da yadda zan yi. Abin da zan iya cewa, ku fara da dokar sa suna tun yau: shekara, wata, rana, sunan abokin ciniki, irin takarda. Wanda ya kasa bin wannan ƙaramar doka, ba manhajar da za ta gyara shi.

Nan ne ku matasan yanzu kuke ba ni haushi. Ku ɗauki hoton rasit a karkace, babban yatsa ya rufe adadin kuɗin, ku bar shi da sunan da waya ta ba shi, in an yi magana ku ce ai za a nemo, yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira. Za ta nemo maka kwafi shida, ba za ta gaya maka wanne aka sa wa hannu ba. Mu da muka yi kuskuren muna da uzuri, abin sabo ne a lokacin. Ku fa?

Ko wanne kuka zaɓa, ku yi kwafin ko-ta-kwana a wani wuri da ba ya haɗe da shi. Masana harkar sun daɗe suna cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Lokaci-lokaci ku gwada dawo da fayil ɗaya ku ga ko yana buɗewa. In kuma mai tallar manhaja ya zo da bakinsa mai zaƙi, kafin farashi ku tambaye shi yadda za ku fita: takardunku za su fito a matsayin PDF da Word da kowa zai iya buɗewa? Bayanan da kuka sha wahalar cikewa, da tarihin wanda ya amince da me, za su biyo su ko za su maƙale a can? Ku ce ya fitar da takarda goma a gabanku ku gani da idonku kafin ku sa hannu.