Godiya bayan taron lissafin shekara, da bayanin inda kuɗinku suka shiga

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, yayye da ƙanne, da duk wanda ya taɓa sa hannu a aljihu saboda yaran ƙauyukanmu, Allah ya sa an yi taron ƙarshen shekara lafiya, an watse lafiya. An karanta lissafin 2025 a bainar jama'a, an yi tambayoyi masu daɗi da masu zafi, an kuma amsa. Kwamitin ƙungiyarmu mai tallafa wa lafiya da karatun yara ya ɗora mini, a matsayina na ma'ajiya, in rubuto godiya ga waɗanda suka samu zuwa da waɗanda uzuri ya hana, in kuma maimaita abin da aka faɗa a wurin, tunda akasarin masu ba mu kuɗi ba su ma san ƙofar ofishinmu ba. Wani yana Legas yana gadi, wani yana Maraɗi yana fatauci, wata tana aure a Abuja. Alat ɗinsu kawai muke gani a waya.

Da su zan fara, domin su ne ƙashin bayan asusun nan. In aka haɗa abin da masu ƙaramin ƙarfi suke turowa duk ƙarshen wata, ya zarce abin da manyan alhazanmu suka bayar, kuma ba don alhazan sun yi rowa ba, Allah ya saka musu da alheri. Akwai matan da suka ware mana kwasa guda a adashensu. Akwai manoman wajen Kaita da Mashi da ba su da kuɗi a hannu, sai da kaka ta yi suka aiko da dammunan gero da buhunan gyaɗa, alhali bana hatsi ya faɗi a kasuwa, taki kuwa bai sauko ba, wasunsu ko kuɗin da suka zuba a gona ba su mayar ba. Kyautar irin waɗannan ta fi ƙarfin a ce an gode, sai dai addu'a.

Azumi ya kama a watan Maris, kuma kamar kullum a cikinsa ne kuɗi suka fi shigowa. Masu tambaya a kan zakka su kwantar da hankalinsu. Asusunta daban ne, littafinta daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya rukunin mutane takwas da ake bai wa zakka, kuma malaman da muke shawara da su sun ce mu damƙa ta a hannun mabuƙata kai tsaye. Haka muka yi. Ba a sayi man fetur da ita ba, ba a sayi kwanon rufi ba, ba a buga takarda ba. Iyayen yara marasa lafiya da marayu ne suka karɓa, kowa da shaidar mai unguwarsa.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba, kowa ya sani. Tun a watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu, kuma raɗaɗin abin ya iso har ƙauyen da ba a taɓa jin sunan USAID, hukumar Amurka mai raba wannan tallafi, ba. A ƙarshen Yuli ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekara, kuma wannan adadin na waɗanda suka samu isa asibiti ne kawai. Mu ƙaramar ƙungiya ce, ba mu da likita, ba mu da gadon kwantar da kowa. Abin da muke iyawa shi ne mu gano yaron da wuri, mu kai shi inda ake da likita da gado.

Wannan ne ya kawo mu ga tambayar da ta fi ɗaukar lokaci a taro. Wani dattijo, ubanmu ne kuma tsohon mai taimakonmu, ya miƙe da takardar lissafi a hannu ya ce: "'Yata, ni na ɗauka magani nake saya wa yara, sai na ga kaso mafi tsoka ya tafi a mai da kuɗin mota. Yaya ke nan?" Na ji daɗin tambayar, domin na san mutane da yawa suna da ita a zuci, kunya ce ta hana su furtawa.

Baba, gaskiya ne, sufuri ne ya fi cin kuɗinmu bana, kuma da gangan muka yi. Allurar rigakafi kyauta ce a asibitin gwamnati. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa da damina kyauta ne. Abincin gyaɗar nan na cikin leda da ake bai wa masu tamowa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira RUTF, shi ma ba a sayar wa uwa a cibiya, in dai akwai shi. Da mun ɗauki kuɗinku mun sayi abin da ake bayarwa kyauta, da mun yi asara biyu. Abin da ba kyauta ba shi ne hanya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta je ta taɓa 1,000, kuma ko da ta ɗan sauko bana, ɗan acaɓa bai sauko da kuɗinsa zuwa inda yake a da ba, ba kuma laifinsa ba ne. Uwar da ke nesa da titi tana buƙatar kuɗin babur zuwa bakin hanya, kuɗin mota zuwa gari, abin da za ta ci a kwanakin jinya, da kuɗin komowa. Bayan an sallame ta kuma ana son ta riƙa kawo yaron awo tana karɓar abincinsa har tsawon mako shida zuwa takwas. A nan ne yawancin jinya ke yankewa.

Bari in ba ku misali ɗaya da na gani da idona a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Muna zaune a zauren mai unguwa, 'yan sa-kanmu suna auna damtsen yara da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, asibiti kai tsaye. Aka miƙo wata yarinya da ba ta cika shekara biyu ba, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ba ta kuka, kallo kawai take. Tef ya tsaya a ja. Ma'aikaciyar ta danna bayan ƙafarta da babban yatsa ta ɗaga, gurbin yatsan ya zauna bai ciko ba. Kakar yarinyar ta ce ai ƙiba ce ta fara yi, tunda ƙafafun sun cika. Aka yi mata bayani a hankali cewa kumburi ne, kuma shi ne alamar da ta fi hatsari. Uwar ba ta yi musu ba, ta dai sunkuyar da kai ta ce maigidan yana gona, ba ta da ko sisi, ga yara uku a gida, wa zai dafa musu? Mai unguwa ya aika aka kirawo mijin, kishiyar maƙwabciya ta ce ta ɗauki nauyin girki, muka biya babur da mota. Duk abin da muka kashe a kan yarinyar nan har ta warke, a layin "sufuri da ciyar da masu jinya" yake cikin takardar da ke hannunka, Baba. Ba ka ga sunan magani ba, amma kuɗinka ne ya kai ta wurin maganin.

Abu na biyu da ya ci kuɗi shi ne garin kunu na yaran da tef ya nuna rawaya, don kada su gangara zuwa ja. Ba wani abu ne daga waje ba: tiya shida ta gero ko dawa, tiya uku ta waken suya, tiya ɗaya ta gyaɗa, a soya, a niƙa. A nan dammunan manomanmu suka yi rana. Mun fi son mu koya wa mata haɗawa da kansu a kan mu riƙa raba musu a leda, domin ranar da ba mu zo ba kunun ba zai tsaya ba. Ina miƙa godiya ta musamman ga masu injin niƙa biyu da suka yi mana ragi duk tsawon damina, da matan da suka sha hayaƙin suyar wake ba tare da an biya su ba.

Sauran aikin lafiya bibiya ce. Maganin zazzaɓin damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na kwana biyun da suka rage kuwa a hannun uwa ake bari, kuma a nan ake samun matsala: wata ta manta, wata ta ajiye sai yaro ya yi zazzaɓi, wata ta raba wa yayyensa. 'Yan sa-kanmu suna komawa rana ta biyu da ta uku su tabbatar an sha. Haka suke duba katin rigakafi, su tuna wa uwa allurar mako 6 da 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9 da kuma 15. Wanda ya ga abin da mashaƙo ya yi a Kano da Katsina da Yobe daga ƙarshen 2022 ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi a kan wannan. Limamanmu sun taimaka ƙwarai, kalma ɗaya a huɗubar Juma'a ta fi yawonmu na mako.

A ɓangaren karatu ba mu yi abin da muka so ba, kuɗin lafiya sun danne shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma dokar ba ta ɗinka wa yaro yunifom, ba ta saya masa littafin rubutu. Su muka saya. Mun mayar da kwanon ajin da iska ta yaye farkon damina, mun gyara makewayin 'yan mata a wata firamare, kuma wannan ɗan gyaran ya dawo da manyan 'yan mata aji fiye da duk wani taron faɗakarwa da muka taɓa yi. Akwai malaman sa-kai, yawancinsu masu NCE ne da ba su samu aiki ba, da muke ba ɗan alawus da ni kaina nake jin nauyin miƙa shi. Sun riƙe azuzuwa duk shekara. Da aka rufe makarantu a watan Nuwamba bayan sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, wasunsu suka ci gaba da tara yaran unguwa a zaure da yamma don kada karatu ya zube. Malamai, Allah ya buɗa muku, ya ba ku aikin da ya fi wannan albashi.

Akwai ƙauyukan da ba mu shiga ba bana saboda 'yan bindiga. Hakimai da dagatai ne suka riƙa gaya mana inda za a je da inda za a dakata, muka bi maganarsu, kuma ba mu rasa kowa a hanya ba. Ranku ya daɗe, mun gode. Matan waɗancan ƙauyuka da suka yi hijira zuwa gefen gari mun auna 'ya'yansu a inda suka sauka.

Kuɗin gudanarwa su ne mafi ƙanƙanta a lissafin: hayar ɗaki ɗaya, cajin banki, buga takardu, da kuɗin rahoton shekara da doka ta wajabta mu kai hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Takardarmu ta SCUML, sashen gwamnati mai sa ido kan halasta kuɗin haram, tana nan daram. Babu ɗan kwamitin da ke karɓar albashi ko kuɗin zama. Ɗan'uwan da ya binciki littattafanmu akanta ne, kyauta ya yi mana, kuma bai raga mana ba, rasit ɗin da ya kama ruwa ma sai da ya sa aka koma wurin mai shago aka sake rubuto shi. Ɗan abin da ya rage a asusu mun bar shi da niyya, domin watan Yuni zuwa Satumba ne buƙata ke hawa, a lokacin kuma gudummawa ke yin ƙasa.

Wasu sun ce me ya sa ba ma sa hotunan yaran a Facebook, ai da an fi tausayawa an fi bayarwa. Wataƙila haka ne. Amma kwamiti ya tsaya a kan cewa ba za mu ɗauki hoton ɗan mutane tsirara da haƙarƙari a waje mu watsa wa duniya ba. Yaron nan zai girma, hoton kuma ba ya gogewa. Wanda ke son ya gani da idonsa, ga wuri a mota, ya zo mu tafi tare.

Ga ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da nas-nas na ɗakin yara, waɗanda ake kai wa mara lafiya da tsakar dare su karɓa ba tsaki. Ga ungozomomin da suka fi kowa sanin gidan da ake ɓoye yaro mara lafiya. Ga 'yan acaɓan da suka ɗauki uwa da ɗa bashi a cikin taɓo, suka jira mu har ƙarshen wata. Ga mazan da suka bar matansu suka fita aikin sa-kai: Allah ya biya ku da mafificin alheri, ya raya muku zuri'a. Iyayen da muka kai 'ya'yansu amma kwana ya ƙare, muna sake yi muku ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa masu ceto ne.

Cikakken lissafin yana liƙe a allon ofis, rasit kuma suna cikin fayil wata-wata, duk mai son dubawa ya zo, ba sai ya nemi izini ba. Waɗanda ke nesa su yi wa sakatare magana ya tura musu hoton shafukan ta WhatsApp. 'Yan sa-kai kuma ku duba tef ɗinku tun yanzu, wanda nasa ya goge ko ya yage ya kawo a canza masa kafin a koma awo.

Wassalam.
Ma'ajiya, a madadin kwamiti.