Kafin in miƙa mabuɗin ɗakin littattafai

A ƙarshen wannan wata zan ajiye alli, in kuma miƙa mabuɗin ɗan ɗakin nan da ke bayan ofishin masu kula da ɗalibai, wanda duk wanda ya yi aiki tare da ni a Tawa ya san na fi daɗewa a cikinsa fiye da ɗakin malamai. Matasan abokan aikina sun roƙe ni in rubuta musu wani abu kafin in tafi, kuma na san abin da suke tsammani shi ne jerin littattafan da ya kamata a saya da dabarun sa yara su so karatu. Wannan za su same shi a cikin rajistar aro, domin ita ba ta ɓoye abin da yara ke so da abin da suke gudu. Abin da zan rubuta shi ne wanda rajista ba ta ɗauka ba, wanda tsofaffinmu suka sani suka yi shiru, sababbi kuma suka ji shi guntu-guntu.

Ban fara son karatu da Faransanci ba. Mahaifina yana ƙetarawa ta Kwanni zuwa Sakkwato saro kaya, wata rana ya dawo da wani tsohon Magana Jari Ce wanda bangonsa ya rabu, ya jefa mini ya ce tunda an sa ni lakkol, wato makarantar boko, in nuna masa amfaninta. A lokacin, yaron da aka kama yana Hausa a harabar makaranta rataya masa sambol ake yi, wani abin wuya na kunyatarwa, sai ga shi da dare ina zaune gaban fitilar ƙwai ina haɗa baƙaƙen wannan Hausar da aka hana, mahaifiyata da abokiyar zamanta suna gyara mini inda na karya kalma. Daga baya, da na shiga koleji, na faɗa cikin littattafan Faransanci, kuma tun ban san sunan abin ba na lura cewa iri ɗaya ne ke riƙe ni har asuba: labarin mutum guda da ya tsaya gari duka na kallonsa. Mun tashi ana gaya mana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, saboda haka duk wanda ya ce a'a a cikin littafi sai in ji kamar ya buɗe mini taga. Na bi Samba Diallo na Cheikh Hamidou Kane tsakanin allo da lakkol, wanda kusan rayuwata ce. Na yi mamakin Meursault na Albert Camus, wanda kotu ta fi damuwa da rashin kukansa ranar jana'izar uwarsa fiye da mutumin da ya kashe. Sarraounia ta Abdoulaye Mamani, da ta fito a 1980, ita ce ta nuna mini cewa ba sai an je Turai ake samun mai cewa a'a ba, tunda Lugu, garin sarauniyar da ta ƙi sallama wa sojojin Faransa, tana nan ƙasarmu, kuma a 1899 aka yi abin. Shi kansa marubucin ya biya kuɗin bakinsa da gudun hijira da gidan kaso.

Ina ɗalibi a Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, lokacin da aka buɗe wa 'yan makaranta wuta a gadar Kennedy. Ina can baya, kuma da na ji ƙarar farko ban tsaya neman takalmina ba. Na ambaci wannan ne kawai don a san cewa an taɓa gwada ni tun da wuri, na ga sakamakon, amma na ci gaba da ɗaukar kaina jarumi saboda jaruman da na karanta.

Ɗakin littattafan ni na roƙa aka ba ni, da can ma'ajiyar tsintsiya da bokiti ne. Na tara abin da ke ciki da kaɗan-kaɗan, wasu daga masu baza tsofaffin littattafai a Yamai idan na je hutu, wasu daga tsofaffin ɗalibai da suka tafi Abija ko Kwatanu suka tuna da mu. Shugaban makarantar na wancan lokaci ya so ɗakin matuƙa a duk ranar da baƙi suka zo. Yakan karɓi mabuɗin daga hannuna tun a bakin ƙofa, ya buɗe da kansa, ya ce wa masu duba makarantu wannan ɗan ƙoƙari ne da hukumar makaranta ta yi.

A wata shekara na sami wata yarinya a ajin da ke gab da na ƙarshe, wadda ba ta cika magana ba, amma sunanta ya cika shafukan rajista. Ta karanta Sous l'orage na Seydou Badian, labarin Kany da mahaifinta yake son aurar da ita ga attajiri Famagan alhali ita karatu take so da Samou. Ta karanta Une si longue lettre, littafin nan na Mariama Bâ na 1979, ta dawo ta tambaye ni ko da gaske mace za ta iya duban ƙanin ko wan mijinta a gaban mutane ta ƙi shi kamar yadda Ramatoulaye ta yi wa Tamsir. Na ce mata ƙwarai kuwa, kuma na faɗa da ƙarfin murya irin na wanda ba shi za a aurar ba. Da na ba ajin aikin rubutu a kan lokacin da mutum ya ga ra'ayinsa ya saɓa wa na danginsa, sai ta kawo shafi huɗu waɗanda ban taɓa ganin irinsu daga hannun ɗalibi ba. Ba ta ambaci suna ba, amma ta kwatanta zauren gidansu, da goron da aka raba ba a tambaye ta ba, da mutumin da ke aiko da turamen atamfa daga bakin teku, da yadda take lissafin watannin da suka rage mata kafin jarrabawar bak, ta kammala sakandare, kamar mai lissafin hatsin da ya rage a rumbu.

Na ba ta maki mafi yawa, sannan na yi abin da har yau nake jin zafinsa: na tsaya gaban yara fiye da sittin na karanta rubutun da ƙarfi, ban nemi izininta ba. Na gaya wa kaina cewa girmama ta nake yi. Gaskiyar ita ce ina so a ga abin da ɗakina ya haifar. Ina karantawa ina jin daɗin yadda ajin ya yi tsit, ban ɗaga kai na dube ta ba sai a ƙarshe, na tarar ta ja mayafinta ta rufe fuska. A ajin akwai 'yan unguwarsu, akwai ma ɗan ƙanwar mutumin da ake magana a kansa. Kafin sallar isha'i labarin ya gama zagaya fadojin samari, ana shan shayi ana maimaita jimlolinta da muryar mata.

Bayan kwana biyu aka kira ni ofis. Na tarar da mahaifinta da wansa zaune, shugaban makaranta yana ta zuba musu ruwa. Mahaifin ba irin azzaluman iyayen cikin littafi ba ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana cin rani, wanda ya bar 'yarsa a makaranta lokacin da 'yan'uwansa suka cire nasu tun daga firamare, kuma bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Mushe, mun ba ka 'ya ka koya mata karatu, sai muka ji sirrin gidanmu a bakin masu shayi. Me muka yi maka?" Kafin in buɗe baki shugaban ya riga ni, ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, waɗannan littattafai ba hukuma ta kawo su ba, ni kaina ban san abin da ke cikin ɗakin nan ba." Ya faɗi haka ne a kan kujerar da yake zama ya karɓi yabon baƙi.

Na daɗe ina riƙe da wannan magana tasa, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na sake ta ba. Amma tawa ta fi tasa muni. Na ce, "Alhaji, ai ba maganarta ba ce, yarinta ce kawai, ta karanta wani littafi ne ta kwaikwaya, ba ta ma san abin da ta rubuta ba." Na faɗi haka ina ganin kamar ceto ta nake yi, alhali kaina nake cirewa. Abu guda da yarinyar nan ta mallaka a duk wannan al'amari shi ne cewa maganar tata ce, ni kuma na ƙwace ta na ba wa wani marubuci ɗan Mali. Da na fito na gan ta tsaye jikin taga tare da ƙaninta. Ta ce, "Ina wuni, Mushe," ta sunkuyar da kai, kuma wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Ba ta dawo bayan hutun ba. An ɗaura auren kafin damina. Sai bayan shekara guda matata ta jiyo a wajen wani suna cewa mahaifiyar yarinyar da gwaggonta sun daɗe suna bin mahaifin a hankali, har ya kusa yarda a jinkirta bikin sai ta gama jarrabawa, kuma an fara neman dattijon da zai je ya lallashi dangin mijin. Da labari ya fita gari, abin ya tashi daga maganar lokaci ya koma maganar mutunci, kuma babu uban da zai yarda a ce takardar lakkol ce ta juya shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matan gidan suna kan toshewa, ni na zo na yaye rufin.

Daren da na ji wannan na ɗauko Sous l'orage na sake karantawa, littafin da na koyar ban san iyaka ba, na ga abin da na yi ta tsallakewa. Ba jawabi ne ya ceci Kany ba. An tura ta ƙauye wajen Djigui, wan mahaifinta, wani ma'aikacin jinya mai suna Tiéman ya zauna da tsohon ya fahimtar da shi, sannan maganar babban wa ta yi aikin da gardamar samari ta kasa yi. Tun 1957 marubucin ya ajiye wannan a fili, amma ni ina son shafukan da ake faɗa, ina hanzarta waɗanda ake sulhu, kuma haka na koya wa yara su karanta. Na kuma lura cewa waɗanda suka ce a'a suka tsira a littattafan nan suna da abin dogaro: Ramatoulaye malama ce mai albashi da gida, ƙawarta Aïssatou ta sami karatu da aiki kafin ta tsaya da ƙafarta. Yarinyata ba ta da komai sai katin aro mai ɗauke da sa hannuna.

Shugaban ya aiko mini da takardar neman bayani, ya karɓe azuzuwan jarrabawa daga hannuna, ya sa aka kwashe littattafan aka zuba a ma'ajiya tare da karyayyun tebura. Shekara biyu suna can. Ranar da wanda ya gaje shi ya ba ni izinin buɗewa, na ɗaga kwalin farko gindinsa ya zube, gara ta mai da rabin abin da ke ciki ƙasa, ta bar bangaye kawai kamar ɓawon gyaɗa. Tsohon shugaban kuwa an ƙara masa girma an kai shi babban birni, kuma na ji an ce a can ma yana yawan magana a kan muhimmancin karatu. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamban 2017 don kare 'yan mata masu karatu ta zo daga baya. Da tana nan a lokacin, ban tabbata mu biyun da ke ofishin nan akwai wanda zai ɗaga ta ba.

Tun daga nan ban sake karanta rubutun ɗalibi a gaban aji ba sai ya yarda, kuma ko ya yarda nakan bar shi ya kwana a kan yardar. Idan yarinya ta zo da irin waccan tambaya, kafin in ba ta amsa nakan tambaye ta wa take da shi a gida wanda ake jin maganarsa. Na koyi zuwa gaisuwa gidajen iyaye tun babu matsala. Takardar da shugaba ya yaba da baki, a nemi ya sa mata hannu. Ban daina ba da littattafan ba, ko ɗaya ban cire ba, kuma 'yan mata nawa suka bi ta ɗakin nan suka kai jami'a, wannan ma yana cikin rajista ga mai son ƙirgawa.

Makon jiya ni da matashin da zai karɓi mabuɗin muka zauna ƙidayar kaya. Ya iso wani layi a tsohuwar rajista inda aka rubuta ranar fita ba a rubuta ranar dawowa ba, ya ce, "Mushe, wannan ya fi shekara goma, in rubuta ya ɓata?" Littafin Mariama Bâ ne, ta ɗauke shi karo na biyu kwana uku kafin in karanta rubutunta. Na ciro jika uku na ba shi ya sayi wani idan ya je Yamai, na ce layin kuma ya bar shi yadda yake, littafin yana hannun mai aro.