Ranar da na koyi wankin kuza a gindin Duwatsun Shere

Da hunturu na je, cikin watan Janairu, kuma kuskurena na farko shi ne rigar da na saka. Mutumin Kano ne ni, na ɗauka sanyin da na sani shi ne sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Duwatsun Shere kuwa ta haura mita 1,800. Ƙarfe bakwai na safe muna gindin dutse, haƙorana na kaɗawa, abokina ɗan Bukur yana ta yi mini dariya.

Niyyarmu mu bi wani ɗan rafi da ke gangarowa daga duwatsun ya nufi kogin Dilimi, mu ci abinci a bakin ruwa, mu koma. A sama rafin bai fi taki ɗaya ba, yana bi ta tsakanin manyan duwatsu, garau kamar hawaye. Da abokina ya ce ruwan Dilimi yana bi ta Jama'are ya haɗu da Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi, sai na tsaya ina kallon abin da ke ƙarƙashin takalmina.

Da muka gangaro sai rafin ya canja kama. Ga tulin jar ƙasa da ko ciyawa ba ta so, ga ramuka, ruwan ya koma kamar kunun kanwa. A nan muka iske mata uku suna wankin kuza, kowacce da tasa, ga kwanon sarki cike da yashi a gefe.

"Sannunku da aiki, Mama. Ko za a koya mini?"

Babbarsu ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, hannun biro ne wannan. To, naɗe wandonka."

Aikin a ido ba komai ba ne. Ka ɗebi yashi, ka tsoma tasa a ruwa, ka riƙa juyawa. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, don haka ita take kwanciya a ƙasa, yashi ya bi ruwa. A hannu kuwa wata magana ce. Tasar farko na karkata da yawa, komai ya tafi. Ta biyu na ga baƙin gari ya taru, na ɗago ina murna, ta murza shi a tafin hannu ta ce yawancinsa baƙin yashi ne, ba mai saye. Da nauyi take ganewa kafin ido ya gani. Sai a tasa ta biyar na samu abin da bai cika cokalin shayi ba, bayana ya ƙage, ƙafafuna sun mutu da sanyi.

Ina cikin ruwan na gane dalilin da ya sa Turawa suka fara da rafuka. Ruwan sama ne ya daɗe yana cin dutse yana tara kuzar a kwari. Tun kafin zuwansu maƙeran garin Liruwe suna narka ta. Mutanen Kamfanin Neja suka bi sawun, suka kafa sansani a Naraguta a bakin Dilimi a farkon shekarun 1900. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, don kuza aka shimfiɗa shi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka riƙa kwaso mutane daga ƙauyukan Arewa aikin dole, abin da ake kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyi da yunwa da ciwo suka kashe. Ni da na yi awa ɗaya da son raina, wannan ɓangaren ne ya tsaya mini a wuya. Farashi ya faɗi warwas a 1985, manyan kamfanoni suka watse, ramukan suka zauna.

Ramukan ne yau suka zama wurin shaƙatawa. Tafkin Rayfield da ake hawa kwalekwale tsohon ramin kuza ne. Mun wuce wani ƙarami a hanya, ruwansa kore shar, rana ta fara zafi, na ce zan ɗan shiga. Abokina ya riƙe mini hannu. Irin waɗannan ba su da gaɓa mai gangara, taki biyu sai zurfi, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Haka ma rafin da damina: ana iya yin ruwa a kan dutse kai kana ƙasa ba ka sani ba. Mutanen unguwar Rikkos a Jos ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba.

Can ƙasa, inda kwarin ya buɗe, masu noman rani na jan ruwa da inji zuwa kabeji da karas da latas, kayan da ke cika kasuwar Farin Gada. A nan muka zauna muka ci burodinmu. 'Yar kuzar da na wanke tana aljihuna a ƙulle cikin leda. Na so in bar wa tsohuwar, ta ce in tafi da ita in nuna wa mutanen Kano.