Ba alewa ce ta jawo wa 'yata ciwon suga ba

'Yata tana da shekara 7 abin ya fara. Ta sha ruwa ba ta ƙoshi, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, ga ci amma kullum sai ramewa take. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce maleriya ce. Da sauƙi bai samu ba, ya ce taifot. Muka yi ta zuba kuɗi a allurai, babu wanda ya soki yatsarta ya duba suga, gwajin da ba ya cin minti ɗaya. Sai da ta fara amai tana jan numfashi da ƙyar muka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Allah ne ya yi da sauran kwananta.

Tana kan gado 'yan dubiya suka fara: "Ai ke kika cika ba ta zaƙi." Maganar nan ta ci min rai, har na tambayi likita. Ya ce, "Hajiya, ki cire wannan a ranki. Irin na yara daban yake da na manya." Garkuwar jikinta ce, wadda aikinta yaƙi da cuta, ta juya ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ɓarnar kan ɗauki watanni ko shekaru a ɓoye kafin a ga alama. Akwai gado a ciki, ana kuma zargin wasu ƙwayoyin cuta na bairos da tayar da abin.

Hankalina sai ya koma kan ƙaninta, don 'yan'uwan mai ciwon sun fi sauran yara haɗarin kamuwa. Na so a ce min ga abin da zan hana shi ci, shi ke nan. Babu. An taɓa zargin madarar shanu, aka yi babban bincike a ƙasashe 15, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna sauya wa jarirai madarar bai hana komai ba. A Amurka an amince da maganin teplizumab a 2022, na 'yan shekara 8 zuwa sama da gwajin jini ya nuna garkuwarsu ta fara ɓarnar. Jinkirta ciwon yake yi da kimanin shekara 2, ba ya hana shi, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba.

Masu kawo min garahuni da sassaƙe kuwa, na gode, amma ba zan tsallake allurar insulin ko sau ɗaya ba; babu ganyen da zai maye gurbinta. Idan wuta ta ɗauke, cikin randa mai sanyi nake ajiye kwalbar, a ƙulle a leda.

Yanzu da na ga ƙaninta ya cika shan ruwa ko yawan fitsari, na'urar gwajin suga ta 'yar'uwarsa nake ɗauka in gwada shi. Yaran maƙwabta ma ana kawo min su. Shi kuwa mai kemis, har yau bai sayi na'urar ba, kuma duk yaron da aka kai masa yana rama, maleriya yake cewa.